'Yar Bora a Makarantar Kwana

'Yar yayata da ke makarantar kwana a ƙasar Katagum ta dawo hutu gida Azare, gwiwoyinta duk sun yi kanta. Da na matsa mata, sai ta ce siniyoyi ne ke sa su rarrafe a kan tsakuwa in sun makara da ruwan wanka. Ba ta yi hawaye ba. Wayar mahaifiyarta ta ara, ta ƙule a ɗaki tana karanta littattafan nan da ake sakowa shafi-shafi a WhatsApp.

Na karɓa na duba, na tarar kusan duk hanyarsu ɗaya. Yarinya ce 'yar talakawa, ana yi mata gorin sutura, a ƙwace mata garin kwaki da sukari, a tara mata wanki. Dare na yi sai ta faɗa mafarkin wani saurayi, wani lokaci ɗan sarki, wani lokaci aljani, wanda a ƙarshe zai bayyana ido da ido ya share mata hawaye.

Wannan yarinya mun daɗe da saninta. Ita ce 'yar Bora ta tatsuniya, wadda aka kora ta je ta wanko ƙirgi a Ruwan Bagaja, ta dawo da dukiya. Sunan ruwan ne ma Abubakar Imam ya sa wa littafinsa na 1934. A 1969 Umaru Dembo ya ɗauki yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, sai soyayya ta zama ƙofar fita. Yau waya ce ta gaji wannan kasuwa.

Ba na cikin masu cewa karatun nan lalaci ne. Yaron da aka sa tsallen kwaɗo a gaban 'yan ajinsu, ya kwanta da yunwa don an cinye masa gabza, yana da haƙƙin samun inda zuciyarsa za ta huta. Na ga yadda fuskar yarinyar nan ke sakewa in tana karatu.

Amma akwai abin da ya ɓace a hanya. 'Yar Bora da ƙafarta ta yi tafiyar, haƙurinta da ladabinta suka kai ta, kuma zaluncin Mowa, kishiyar uwarta, ya koma kanta. A yawancin labaran waya da na karanta, yarinyar jira kawai take yi. Malamai ba su gani, iyaye ba su ji, makarantar tana nan yadda take. In an rama mata, to da mota da lefe aka rama, ranar da tsofaffin siniyoyinta suka zo biki suna cizon yatsa. Ba wanda ya tambayi abin da zai faru in ita ma ta kai aji shida aka ba ta bulala.

Ga marubutanmu matasa, har da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, waɗanda gobe su ne malaman makarantun nan: ku bar wa yarinyar labaran nan mafarkinta, amma ku rubuta mana safiyar da ta farka ta buɗe baki ta faɗa, aka kuma saurare ta.