Jacqueline Delubac, Wadda Aka Ari Bakinta

Birnin Liyon na ƙasar Faransa da abu biyu ya yi suna, saƙar alharini da majigi. A nan ne waɗansu 'yan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka ɗauki hoton ma'aikata suna fitowa daga masana'antarsu cikin 1895, hoton kuwa yana motsi. Ran 28 ga Disamba na wannan shekara suka nuna wa jama'a irin hotunan nan a Faris, a wani gidan shan gahawa da a ke kira Grand Café, kowa ya biya kuɗin shiga. Watau Liyon ta haifa, Faris ta yi reno. Matar da za mu duba a nan ita ma hanyar da ta bi ke nan.

An haife ta a Liyon ran 27 ga Mayu, 1907. Sunanta na yanka Isabelle Jacqueline Basset, Delubac ɗin nan daga wajen dangin uwarta ta ɗauko shi. Gidansu mutanen sana'ar alharini ne. Ubanta ya rasu tana ƙarama, ta tashi a Valence, wani gari wajen mil 60 kudu da Liyon. Da ta zama budurwa sai ta tafi Faris koyon rawa da waƙa, tana ɗan samun wuri a gidajen wasa, yau a sa ta gobe a manta da ita. Haka ta yi ta fama har 1931, sa'ad da Sacha Guitry ya ɗauke ta cikin wani wasansa.

Ya kamata mai karatu ya san ko wane ne Guitry, gama in ba a san shi ba ba za a gane inda gardamar ta ke ba. An haife shi 1885, ubansa Lucien Guitry shi ne babban ɗan wasan kwaikwayo na Faris a zamaninsa. Ɗan ya gaji uban har ya ƙara, don shi ke rubuta wasa, shi ke shirya shi, shi ne kuma ke fitowa a babban mutumin ciki. Wasannin da ya rubuta sun fi 120. Ya yi aure sau biyar, dukan matan nan kuwa sai da ya sa su cikin wasansa. Ta biyu, Yvonne Printemps, mai murya ce ƙwarai, ita ta bar shi ta bi wani ɗan wasa, Pierre Fresnay. Gurbinta Jacqueline ta shiga, a ɗaki da kan dandamali duka.

Aka ɗaura aure ran 21 ga Fabrairu, 1935, ranar da ango ya cika shekara 50. A Faransanci kalmar da ke nufin rabi ita ce kuma a kan kira matar aure da ita. Sai aka yi ta yaɗa ba'ar da ya yi, wai tun da shekarunta rabin nasa ne, ai ya dace ta zama rabinsa. Mutanen Faris suka yi dariya. To, amma in ka yi lissafi, shekararta 27 a ranar, ba 25 ba. Ko shi ya rage, ko ita, oho, abin da na sani dai tun ranar farko sai da aka yanke wa yarinya shekara biyu kafin maganar miji ta zauna daidai. Wannan ƙaramin abu ne, amma ka riƙe shi.

Kafin auren nan Guitry ba ya ganin majigi da gashi, a wurinsa wasan gaskiya sai a kan dandamali gaban jama'a. Mutane da yawa sun ce ita ce ta lallashe shi ya shiga. Ko ma dai wane ne, daga 1935 zuwa 1938 ya shirya fim goma da ita a ciki, su ne kuwa mafiya kyau cikin dukan aikinsa. Saboda haka masu sharhi suka kasu. Waɗansu suka ce ita ba kome ba ce sai ado, kyakkyawar mace mai iya sa tufa, wadda aka ajiye gefe don mai gida ya sami wanda zai yi wa magana. Waɗansu suka ce a'a, in ka cire ta finafinan sun tsufa. Ni ina tare da na biyun, amma ba dukan tafiyar ba.

Mu fara da inda masu suka suka fi ƙarfi, watau Le Roman d'un tricheur na 1936, labarin wani macuci. Yaro ne ya saci 'yan kwabbai a gida, aka hana shi abincin dare don horo. Ashe naman kazan da aka dafa mai dafi ne, mutum 11 na gidan suka mutu, ɓarawo kaɗai ya tsira. Daga nan ya ɗauka rashin gaskiya ke ceton rai. Abin da ya sa fim ɗin ya yi suna shi ne yadda aka gina shi. Kusan daga farko har ƙarshe ba ka jin muryar kowa sai ta Guitry, yana zaune a gidan gahawa yana rubuta labarin rayuwarsa, 'yan wasa suna motsa baki, shi yana faɗin abin da suka ce. Jacqueline ta fito a wata mace mai sa'ar caca a Monte Carlo, wadda macucin ya aura don su raba riba, sa'an nan sa'a ta guje su, auren ya mutu. Hausawa kan ce, kada ka ari bakina ka ci mini albasa. To, ga mace an ari bakinta a gaban duniya duka, mijinta na gaske kuwa shi ya ara. Masana irin su François Truffaut sun yaba fim ɗin nan matuƙa, ba su kuwa yi kuskure ba. Amma wanda ya ce a nan ita hoto ce kawai, da wuya ka kā da shi.

Sai dai ka duba Faisons un rêve, na shekarar nan kuma. Mutum uku ne ke ɗauke da labarin, miji da mata da kwarto. Raimu ne mijin, Guitry ne kwarton, ya kuwa ba kansa magana mai tsawon gaske, har da wata doguwa da ya ke yi shi kaɗai a kan tarho. Maganar tana da daɗi, amma ta dandamali ce, an yi ta don a ji har kujerar baya. Ita kuwa ba ta ɗaga murya. Tana zaune tana sauraro, ta ɗan kau da ido, ta ɗan matse leɓe kamar mai ɓoye dariya, sai ka ga ai ba ta yarda da rabin abin da a ke gaya mata ba. Na'urar ɗaukar hoto tana son irin wannan, don ita ta kan matso kusa da fuska, abin da ɗan kallo na gidan wasa ba ya iyawa. Duk wanda ya taɓa koyarwa a aji ya san sauraro iri biyu ne, akwai na yaron da ke jiran a gama, akwai na wanda ke auna maganarka. Nata na biyun ne. Shi ya sa in ka kalli finafinan yau, Guitry ya kan yi kama da mutumin zamanin da, ita kuwa kamar jiya aka ɗauke ta.

Inda ta fi gamsar da ni shi ne Désiré na 1937. Guitry ya fito a boyi, ita uwargijiyarsa ce, Odette, farkar wani minista, wadda ke ƙoƙarin ya aure ta don ta sami mutunci. Boyi da uwargijiya kowa ya riƙa mafarkin ɗan'uwansa, har suna sambatu cikin barci, 'yan aikin gida suna ji. Da safe kuwa sai ranka ya daɗe da kawo shayi. Kome na wasan nan yana kan abin da ba shi faɗuwa, nan ne kuwa gonarta. Kunyar da ta kama ta da ta gane asiri ya tonu, da yadda ta daure ta ci gaba da ba da umurni, ba alƙalamin miji ne ya yi su ba. Daga ƙarshe boyin ya tattara kayansa ya tafi, don ya san bambancin matsayi ba ya gushewa da mafarki.

Duk da haka kada a zuga ta fiye da kima. Cikin fim ɗin nan akwai Arletty a kuyanga da Pauline Carton a kuku, in suka buɗe baki sai ka manta da uwar ɗaki. Muryar Jacqueline siririya ce, ba ta da faɗi, ba ta kuma iya rikiɗa ta zama wata. An ga haka a Les Perles de la couronne, labarin lu'ulu'an kambin sarautar Ingila, inda aka ba ta mata uku, har da Sarauniya Mary ta Sikotlan da Joséphine matar Napoleon. Tufafi ne suka sāke, mace ɗaya ce. A cikin wannan fim ne kuma aka shafa wa Arletty baƙin shuni ta fito a Sarauniyar Habasha don a yi dariya, cikin 1937, shekara guda bayan Italiya ta mamaye Habasha. Ba na jin wani mutumin Afirka zai kalli wurin nan ransa bai sosu ba, kome hikimar sauran fim ɗin.

Auren ya mutu 1939, ba su haihu ba. Kafin shekara ta fita Guitry ya yi ta huɗu. Nan ne gwajin gaskiya ya zo, me za ta yi in babu shi? Amsar ba ta yi wa masoyanta daɗi. Ta yi aiki da manyan masu shirya fim, Pabst da Marcel L'Herbier da Maurice Tourneur. A Volpone na Tourneur, wanda ya fito 1941, ta fito a Colomba, matar da mijinta ya miƙa wa tsohon attajiri don kwaɗayin gado, amma Harry Baur da Louis Jouvet suka cinye fim ɗin. Cikin 1942, Jamus na riƙe da Faris, ta yi Fièvres tare da mawaƙi Tino Rossi. Ba wanda ya kai na dā. Wajen 1951 ta bar sana'ar, tana da shekara arba'in da 'yan kai. Da ta rubuta labarin rayuwarta ma cikin 1976, sunan littafin tambaya ce, ko ya dace a auri Sacha Guitry. Shekara 37 da rabuwa, sunansa ne dai ke sayar da littafi.

A ƙasarmu mun saba ganin 'yar fim ta yi aure ta bar wasa, in auren ya mutu ta komo. Ita tata ta juye, aure ne ya ɗaga ta, mutuwarsa ta sauke ta. Amma tambayar ɗaya ce, me ya rage a hannun 'yar wasa bayan an kashe fitila? Zalika Souley ta Nijar, wadda ta fito a finafinan Moustapha Alassane da Oumarou Ganda tun 1966, sunanta ya kai ƙasashe, amma daga baya sai da ta yi aikatau a ƙasar waje, kamar yadda Rahmatou Keïta ta nuna cikin fim ɗin da ta yi a kanta. Ta rasu 2021. Jacqueline ba ta ga wannan ba, don ta fito gidan wadata, ta kuma koyi wani abu a gidan Guitry wanda ba wasa ba.

Gidansa na kusa da hasumiyar Eiffel cike ya ke da zane-zane da gumaka da rubuce-rubucen manyan mutane. Tun 1915 ya ɗauki Monet da Renoir da Degas da Rodin a majigi suna tsofaffi. A nan idonta ya buɗe. Amma da ta fara saye da kanta, an ce har da sayar da kayan adon da ya ba ta, ba ta bi zaɓinsa ba. Shi mai son abin da duniya ta riga ta yarda da shi ne. Ita ta nufi masu zane na zamaninta, Fautrier da Dubuffet da Poliakoff, da Wifredo Lam mutumin Kuba, wanda ke da jinin Afirka ta wajen uwa. Ta sayi zane biyu na Francis Bacon, ɗaya na wasan sa da mutum, na 1969, ɗaya kuwa na 1980, gangar nama a rataye da tsuntsu mai cin nama kusa da ita. Kai, ba irin abin da a ke zaton mace mai ado za ta rataya a ɗakinta ba ne. Wadda ta yi shekara huɗu tana murmushi a gefen mai magana, ashe abin da idonta ke so ke nan.

A nan ma akwai abin da za a rage. Mijinta na biyu, Myran Eknayan, attajirin daimon ne ɗan asalin Armeniya. Sun daɗe tare kafin su yi aure 1981, ya rasu 1985. Tsofaffin zanen, irin na Monet da Degas da Renoir, yawancinsu nasa ne ta gada. Saboda haka wanda ya shiga ɗakunan ya ce duk idonta ne, ya ba ta abin da ba nata ba. Nata shi ne sabon, mai wuyar kallo, da kuma shawarar inda dukiyar za ta.

Kayan Guitry bayan rasuwarsa cikin 1957 sun watse a kasuwar gwanjo, gidan ma aka rushe shi. Ita kuwa ta yi wasiyya. Wani mai basukur ya buge ta a titin Faris, ta rasu ran 14 ga Oktoba, 1997, a Créteil, tana da shekara 90. Zane da gumaka da dama suka tafi gidan zane-zane na Liyon, wanda ke dandalin Terreaux, cikin wani tsohon gidan mata masu ibada. Akwai Picasso na 1937, mace zaune a bakin teku, da Braque da Léger da Miró, da 'yan rawa na Degas. Daga Nuwamba 2014 zuwa Fabrairu 2015 gidan ya yi nuni na musamman da sunanta. Ɗalibin da ya je Liyon ya iya ganin masana'antar Lumière da safe, da la'asar ya ga ɗakunanta, jirgin ƙarƙashin ƙasa ne tsakani.