Ɗan Hausa da Iyalinsa: Ɗan Kaka-gida a Ƙasa ko a Harshe?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin rubutun boko ya san Hanns Vischer (1876-1945), wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. Littafin Sonia Graham (1966) a kan ilimin gwamnati da na mishan a Arewa, da sauran rubuce-rubucen da suka bi sawunsa, sun fi duban sa a matsayin jami'in ilimi. Wannan maƙala za ta auna shi da wani ma'auni dabam, wato na Baturen kaka-gida, domin a gano abin da ya mallaka a ƙasar Hausa da kuma abin da ya bari.

2.0 Ɗan Kaka-gida a Wata Nahiya

A Kenya, Lord Delamere ya sami eka dubu 100 a Njoro cikin 1903, ya shiga majalisar dokoki, ya zama kakakin Turawa masu gandaye har rasuwarsa a 1931. Sunan da Elspeth Huxley ta ba tarihinsa a 1935, White Man's Country, ya isa shaida kan yadda irinsu suka ɗauki ƙasar da suka tarar.

A Arewacin Nijeriya abin bai yiwu ba. Gwamna Percy Girouard ya sa an kafa kwamitin binciken filaye a 1908, daga nan aka sami dokar 1910 wadda ta sa dukkan ƙasa a hannun Gwamna, a riƙe ta da sunan 'yan ƙasa. Girouard ɗin nan shi aka mayar Kenya a 1909, inda a zamaninsa aka tashi Masai daga makiyayarsu saboda Turawa. Ke nan ba tausayin mai mulki ne ya hana ba. Tsarin sarauta da haraji da suka iske ya fi yi musu riba. Shi ya sa kalmomin da Hausa ta tanada wa Bature na ofis ne, kamar Razdan da Di'o da Joji, babu na mai gandu.

3.0 Gidan Nasarawa

Vischer haifaffen Basel ne a Suwizalan. Ya fara zuwa tare da 'yan mishan, sannan ya koma aikin gwamnati a Barno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Kukawa, ya kuma buga labarin tafiyar a 1910. A 1909 ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano, wadda ta tara 'ya'yan sarakuna da malamai.

Abin lura shi ne yadda ya zauna. Gidansa ginin ƙasa ne irin na Hausa, kuma matarsa Isabelle ta zauna tare da shi a ciki, har ta wallafa abubuwan da ta gani cikin Faransanci a 1917. Wannan zama da iyali, da iya Hausarsa, su suka sa laƙabin ya bi shi. Sai dai laƙabin yana iya ruɗin manazarci. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba shi da Kano, sauran aikinsa kuma a Landan ya yi shi, a matsayin sakataren kwamitin ba da shawara kan ilimi a ƙasashen mulkin mallaka daga 1923. Iyalin ba su bar gona ko zuriya a Kano ba. Gidan ma ya zama wurin adana kayan tarihi.

4.0 Gandun da Ya Nome

Idan Delamere ya shata iyaka a ƙasa, Vischer a harshe ya shata tasa. Ƙa'idojin rubutun Hausa da ya buga a 1912 suna cikin tubalan farko na daidaita boko, kuma yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsunan Afirka a Landan a 1926, wadda tsarin baƙaƙenta ya haifar da ɓ da ɗ da ƙ da muke amfani da su.

A nan ne ya kamata yabo ya haɗu da tarke. Na farko, ajamin da boko ya ture yana nuna tsawon wasali. Malamin zaure yana bambanta gari na zama da gari na tuwo ta hanyar alif, amma ɗan boko sai ya dogara da jimla. An sami sauƙin ɗab'i, an yi asarar wani yanki na tsarin sauti.

Na biyu, da yake a Kano aka dasa makarantar, Kananci ne ya zama ma'auni, Hukumar Hausa ta 1955 kuma ta ƙarfafa hakan. Ƙasar Katagum misali ce mai kyau. Tana ƙarƙashin Lardin Kano har 1926, kuma J. M. Fremantle ya rubuta tarihinta tun 1911, amma Guddiranci bai sami kulawar masana sosai ba sai da irin su Dauda Bagari suka waiwaye shi. A karuruwan gabas bambancin jinsi ya yi rauni, ana iya jin rigan a gurbin rigar. Yaron Disina ko Azare da ya rubuta yadda ya ji a gida, jan biro zai sha, alhali ba kuskure ya yi ba, karinsa ne bai sami shiga ba lokacin da aka yi rabo.

5.0 Kammalawa

Ba za a ɗora wa mutum ɗaya alhakin dukkan wannan ba, domin Bargery da Rupert East da Abubakar Imam duk sun yi gini a kan harsashin. Amma nazarin da ya tsaya ga ƙidayar makarantu da yabon laƙabi bai cika ba. Mutanen Kenya sun daɗe suna muhawara kan filayen da aka ƙwace. Mu namu gadon a rubutu yake, saboda haka aikin da ke gabanmu shi ne tattara karuruwa irin Guddiranci a rubuce, da sake duba matsayin tsawon wasali a littattafan koyarwa.