Hawa ko ƙetarawa? Gyara kan karatun Manɗiƙuɗ Ɗairi

Manazarta sun saba jera Manɗiƙuɗ Ɗairi na Fariduddin Aɗɗar cikin labaran mi'iraji, tare da Sairul Ibad na Sana'i. A ganinmu, an yi gaggawa wajen wannan kasafi. Wajen Sana'i rai hawa yake yi, falaki bayan falaki; tsuntsayen Aɗɗar kuwa, alhudahuda na gaba, kwari bakwai suke ƙetarawa. Ƙarshen tafiyar ma cikin harshe yake: tsuntsu talatin suka isa, da Farisanci "si murg", wanda suke nema kuma "Simurg". Mai karanta fassarar Garcin de Tassy ta 1863 sai an yi masa bayani, alhali Bafarishe da kunne yake kamawa. Saboda haka ɗalibi ya fara da lafazi kafin ya yi batun hawa.