Karatun Takardar da Ta Rufe Hanyar Maraɗi

Ranar Lahadi 30 ga Yuli, 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun tsare Shugaba Mohamed Bazoum a fadarsa ta Yamai, shugabannin ƙasashen ECOWAS suka zauna a Abuja suka fitar da takardar bayan taro. A wannan dandali mun saba da tarken labari da wasan kwaikwayo. To amma ita ma wannan takarda rubutu ce, tana da marubuta, tana da abin da take son cimmawa, kuma ta taɓa tukunyar jama'a fiye da duk wani littafin da aka buga a shekarar. Don haka ta cancanci a zauna a yi mata karatun tsanaki.

Abin da ta ƙunsa sananne ne. An bai wa sojoji mako guda su mayar da Bazoum kujerarsa, in sun ƙi har ƙarfin soja ana iya amfani da shi. Sai jerin hukunci ya biyo baya: rufe iyakokin ƙasa da na sama, dakatar da ciniki da hada-hadar kuɗi, toshe kuɗin gwamnatin Nijar da ke bankunan yankin, yanke hidimomi irin su wutar lantarki. Hana hafsoshin da suka yi juyin mulkin tafiye-tafiye da toshe dukiyarsu kuwa, sai can ƙarshen jerin ya zo. Duk mai karatu da lura zai tsaya a nan. Masu laifin ne aka ambata a ƙarshe, bayan an gama lissafa abin da zai faɗa kan mutum fiye da miliyan 25 da ba a shawarce su ba ranar da aka rufe ƙofar fada.

Abin da takardar ta yi shiru a kansa ya ma fi damun mu. Lokacin da ƙungiyar ta ƙaƙaba wa Mali takunkumi a Janairun 2022, ta keɓe kayan masarufi da magunguna da man fetur da wutar lantarki, ta ce waɗannan su ci gaba da wucewa. A takardar Nijar babu wannan keɓewa. Cikin 'yan kwanaki Najeriya ta yanke wutar da take turawa, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha. Layin Birnin Kebbi zuwa Yamai ya mutu, na Katsina zuwa Gazawa, wanda ke haska Maraɗi da Damagaram, shi ma haka. Manyan motocin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano suka yi layi a Malanbil, ga gadar Gaya suna hange ba halin tsallakawa. A fadar shugaban ƙasa da barikin soja akwai janareta. Firjin da ke ajiye allurar rigakafi a ƙaramin asibiti, da mai niƙa, da mai walda, da mai sayar da ƙanƙara, su ne suka ji a jika.

Mu da muka tashi a Gude, a ƙasar Kabo, ba mazauna bakin iyaka ba ne. Jihar Kano ma ba ta cikin jihohi bakwai da suka haɗa iyaka da Nijar. Duk da haka ba mu taɓa ɗaukar Nijar a matsayin ƙasar waje ba. Da an gama girbi 'yan cirani ke gangarowa daga can, wasu su kafa teburin shayi, wasu ga-ruwa, wasu su wuce birni. Wake da dabbobi da albasa da kanwa su gangaro kudu, masara da dawa irin waɗanda ake nomawa a Kabo da Gwarzo su bi ta Dawanau su haura arewa ta Jibiya ko Maigatari. Takunkumin ya faɗo da tsakiyar damina, ya cinye kaka gaba ɗaya, wato daidai lokacin da wannan kai-da-komo ya fi ƙarfi. Ba za mu ɗora masa alhakin duk tsadar shekarar ba, domin cire tallafin mai a ƙarshen Mayu da faɗuwar naira sun riga sun yi nasu aikin. Amma kowa ya san iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 ba ta rufuwa da takarda. Kaya ba su daina wucewa ba. Sun sauka daga tirela sun hau babur, sun bar kwalta sun bi ɓarauniyar hanya, kuma a kowane shinge sai an ajiye wani abu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wani abin dariya mai ban takaici shi ne, a daidai wannan lokaci gwamnatinmu na gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗin.

Yanzu mu duba hujjar da aka gina takardar a kanta, wadda ba a rubuta ba amma kowa ya gane ta. A matsa wa talaka, talaka ya matsa wa mai mulki, mai mulki ya sauka. Sana'armu rubuta manhaja ce, kuma irin wannan kuskure mun san shi: ka rubuta umarni yana kiran wani sashe na manhajar, alhali sashen babu shi. Mataki na biyu, wato talaka ya matsa wa mai mulki, yana aiki ne a inda mai mulki ke tsoron ƙuri'a, inda akwai majalisa da jarida da damar fita zanga-zanga a koma gida lafiya. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da juyin mulki ya kawar. An ɗauki makamin da ba ya ci sai a inda dimokuraɗiyya take, an kai shi inda aka tabbatar babu ita.

Abin da ya biyo baya bai ba kowa mamaki ba, sai watakila masu takardar. Ranar 6 ga Agusta, ranar cikar wa'adi, dubban mutane suka cika filin wasa na Seyni Kountché suna yi wa sojoji kirari. Irin haka ta faru a Bamako mako guda bai cika ba bayan takunkumin Mali. Soja da ya karɓi mulki ba tare da wani dalili mai ƙwari ba, sai ga shi an miƙa masa dalili a kyauta. Duk wata wahala, ta jiya da ta yau, ya samu wanda zai nuna wa yatsa: Abuja da Faransa. Ɗan adawar da zai ce a koma kan tsarin mulki kuma ya zama ɗan koren baƙi a idon maƙwabcinsa da ke kwana cikin duhu.

Ba muna wanke Janar Abdourahamane Tchiani da mutanensa ba ne. Sun tsare zaɓaɓɓen shugaba da matarsa, sun rufe bakin jam'iyyu, kuma bayan an ɗage takunkumi su da kansu suka ci gaba da rufe iyakarsu da Benin, talakan nasu ya ci gaba da biyan tsadar. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu.

Na Nijar wata bakwai kawai ya yi. Wanda ke son ganin yadda irin wannan takarda ke tsufa, ya dubi Kyuba. A Fabrairun 1962 Shugaba Kennedy ya ƙaƙaba mata cikakken takunkumin ciniki. A 1996 majalisar Amurka ta mayar da shi doka, ta yadda shugaban ƙasa shi kaɗai ba zai iya cire shi ba, kuma cikin sharuɗɗan akwai kafa gwamnatin da babu Fidel ko Raúl Castro a cikinta. Fidel ya rasu a 2016, Raúl ya sauka daga shugabancin ƙasa a 2018, jam'iyyar Kwaminisanci na nan daram, takunkumin ma na nan. Tun 1992 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ke kaɗa ƙuri'ar neman a cire shi; a 2023 ƙasashe 187 suka ce a cire, biyu suka ce a'a. Manhajar da ta shekara 60 tana juyawa ba ta fitar da sakamako ba, a wurin aikinmu da tuni an kashe ta an binciki inda ta lalace. A siyasa kuwa daɗewar ce ke zama hujjar ci gaba, domin duk wanda ya cire zai zama shi ne ya ba da kai.

Su wa irin wannan dogon hukunci ke karyawa? Misali daga fagenmu ya isa. A Yulin 2019 kamfanin GitHub, inda masu rubuta manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu, ya taƙaita asusun mazauna Iran da Siriya saboda dokokin takunkumin Amurka. Matasa masu ilimi, masu hulɗa da waje, waɗanda ke cin abinci ba ta hannun gwamnati ba, su aka fara rufe wa ƙofa. Sai a Janairun 2021 kamfanin ya samo izinin sake buɗe wa Iraniyawa. A Satumbar 2022, da zanga-zanga ta ɓarke a Iran, Amurka ta shiga gaggawar sassauta dokokinta don masu zanga-zangar su samu kayan aikin intanet. Mai shago da injiniya da malamin makaranta, su ne ke iya tsayawa su ce wa gwamnati a'a, in suna da abin kansu. Idan ciniki ya mutu, abin da ya rage shi ne rabon gwamnati, kuma wanda ke rabon shinkafa shi ake yi wa biyayya.

Za a ce mana, Afirka ta Kudu fa? Tambaya ce mai nauyi, kuma Najeriya na da tarihi a ciki, tunda har kadarorin kamfanin mai na BP gwamnatin Obasanjo ta karɓe a 1979. Takunkumi ya taimaka wajen karya mulkin wariyar launin fata, ba ma musun haka. Amma abu biyu sun bambanta ta. Na farko, waɗanda za su sha wahalar ne suka nema da bakinsu: jam'iyyar ANC da Bishop Desmond Tutu sun yi shekaru suna yawon duniya suna roƙon a ƙaurace wa ƙasarsu. Na biyu, gwamnatin wariyar tana da masu zaɓenta, wato fararen fata, kuma su ne masu bankuna da masana'antun da ciwon ya taɓa. A ƙuri'ar raba gardama ta 1992 fiye da kashi biyu cikin uku na fararen suka goyi bayan a ci gaba da tattaunawa. Sashen da hujjar ke kira yana nan, ko da na tsiraru ne. Wace ƙungiyar 'yan kasuwar Maraɗi ko ta manoman Galmi ce ta roƙi a yanke mata wuta?

Akwai kuma batun masu sa hannu. Ƙungiyar da ta yi wannan zafi a kan Nijar ita ce ta kau da kai lokacin da Alpha Condé na Gini da Alassane Ouattara na Kodebuwa suka nemi wa'adi na uku a 2020. A cikinta akwai Togo, inda gida ɗaya ke mulki tun 1967. Mutumin Damagaram yana jin rediyo, ya san duk wannan. Nasarar da ƙungiyar ke alfahari da ita ma, ta fitar da Yahya Jammeh daga Gambiya a Janairun 2017, ba da yunwar jama'a aka same ta ba. Mutum ɗaya aka matsa wa, shi da ya faɗi zaɓe ya ƙi sauka.

A arewacin Najeriya an gane haka da wuri. Sanatocin arewa sun ƙi amincewa da yaƙi, Muhammadu Sanusi na Biyu ya je Yamai ya gana da Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi bayansa, kuma su ne suka samu ƙofar da tawagar farko ta hukuma ta tarar a rufe. A Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar a 1975, ya rubuta wasiƙa yana roƙon a janye hukuncin. Kafin nan, ranar 28 ga Janairu, Nijar da Mali da Burkina Faso sun riga sun sanar da ficewarsu.

Ranar 24 ga Fabrairu, 2024, aka sake zama a Abuja aka fitar da wata takardar, aka ɗage takunkumin bisa dalilin jinƙai, har da ambaton gabatowar azumi. Jinƙan da aka mance da shi a takardar farko shi aka kawo hujja a ta biyu. Ranar da aka ɗage, Bazoum na nan a tsare, babu ranar zaɓe. A Maris 2025 aka rantsar da Tchiani shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar, aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya.