Alamtarwa a Waƙoƙin Tango: Ɗaki, Unguwa da Shagon Gwanjo

Tango kiɗa ne da rawa da ya tsiro a ƙarshen ƙarni na 19 a unguwannin talakawan Buenos Aires ta Ajantina da Montebidiyo ta Yurugwai, cikin baƙin da suka ƙetaro teku neman abinci. A ƙidayar 1914 kusan rabin mutanen Buenos Aires haihuwar wata ƙasa ne, kuma maza sun rinjayi mata. Da fari manya sun ƙyamace shi kamar yadda malamai suke ƙyamar goge a ƙasar Hausa, domin an san shi da gidajen mata masu zaman kansu.

Babban jigon waɗannan waƙoƙi shi ne rashi. Abin lura shi ne mawaƙin yakan rataya rashin a wuyan wani abu da ido ke gani. A waƙar "Mi noche triste" ta Pascual Contursi, wadda Carlos Gardel ya rera a faifai a 1917, mace ta bar namiji, sai kayan ɗaki suka ɗauki makoki: fitila ta ƙi haske, madubi ya dushe, jita ta yi shiru. Wannan mutuntarwa ce, kuma ita ta ba namiji damar kuka ba tare da an ce ya yi raki ba.

A "Sur" ta Homero Manzi, ta 1948, alamar ta fita daga ɗaki ta koma unguwa. Mawaƙin ya ambaci Boedo da Pompeya da sunayensu, ya haɗa ɓacewar budurwa da sakewar unguwar, har mai sauraro ya kasa rabe wadda ake bege. Macen a nan tana tsaye ne a madadin ƙuruciya da gida.

Enrique Santos Discépolo kuwa, a "Cambalache" ta 1934, ya mai da duniya shagon ƴan gwanjo, inda littafi mai tsarki yake jibge gefen tukunyar ɗuma ruwa. Ma'anar ita ce zamani ya daidaita mai daraja da marar daraja. Ba mamaki da waƙar ta shiga cikin waɗanda gwamnatin soja ta 1943 ta hana sawa a rediyo.

Masu nazari da yawa sukan ɗauki tango a matsayin kukan soyayya kawai, kuma a nan ne suke gajarta masa. Duk wanda ya san saurayin Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji da ya tafi cin rani Kano, ya dawo ya tarar an ɗaura wa budurwarsa aure, gari kuma ya sake, ya san cewa abin da ya rasa ya fi mace guda. Mawaƙan tango sun rera wa irin wannan baƙo ne, shi ya sa ɗakin da fitilarsa ta mutu ya zame masa hoton ƙasar da ya baro.