Bishiyar Roba Ba Ta Inuwa

Wani ado ya shigo gari a 'yan shekarun nan, kuma duk mai bin hanya daga Sheme zuwa Funtuwa, ya zarce Zariya ko Kano, ya san shi. Bishiyar dabino ce ko ta kwakwa, amma ta roba da ƙarfe, an yi mata fenti kore shar ko ja wur, an nannaɗe ta da ƙananan fitilu. Tana tsaye a ƙofar gidan biki, a gidan mai, a bakin otal, wani sa'in har a tsakiyar shataletale. Ƙanenta shi ne kututturen siminti da ake zana wa ɓawo don ya yi kama da itace. Da dare, idan an kawo wuta, sai ƙyalli. Da rana tsaka kuwa ko akuya ba ta raɓarta.

Ba na son wannan ado. Duk sa'ad da na faɗi haka, amsar da nake samu ɗaya ce: ai haka ake yi a ƙasashen waje, zamani ne. To bari mu leƙa wajen, mu ga abin da masu fasahar can suka yi da fili da launi.

A 1970 wani Ba'amurke, Robert Smithson, ya sa aka zuba baƙaƙen duwatsu da ƙasa a cikin babban tafkin gishiri na jihar Utah, aka yi wata doguwar hanya mai naɗewa kamar gammo, tsawonta wajen mita 460. Ba a jima ba ruwa ya ƙaru ya shanye ta, ta ɓace shekaru kusan 30. Da fari ya ja tafkin baya a wajen 2002 sai ga ta ta fito, gishiri ya yi mata fari fat. Yau duk wanda ya je wurin, da idonsa zai auna yadda ruwan ya gudu. A 1982 Agnes Denes ta share wani juji a Manhattan, cikin birnin New York, kusa da inda manyan 'yan kasuwar duniya ke juya kuɗi, ta shuka alkama eka 2, ta yi noma, ta girbe. Manomin Faskari zai yi dariya, ya ce eka 2 ai gayauna ce. Gaskiyarsa. Amma filin da ta shuka, an ƙiyasta kuɗinsa dala biliyan 4 da rabi a lokacin, kuma tambayar da ta ɗora wa masu wucewa ita ce wane ne ya fi, abinci ko bene. A 2021 kuma Maya Lin ta kwaso matattun itatuwa 49 daga wani dajin New Jersey da ruwan gishiri ya kashe, ta kafa su tsaye a wani lambun shaƙatawa na New York na 'yan watanni, babu ganye ko ɗaya, don mutanen birni su tsaya cikin abin da sauyin yanayi ke yi wa daji.

Ko ɗaya cikinsu bai sayo bishiyar ƙarya ya kafa don ya rufe wa mutane ido ba.

Masu son launi ma suna da nasu a can. A 2016 Ugo Rondinone, ɗan Suwizalan mazaunin New York, ya ɗora manyan duwatsu kan juna a hamadar Nevada kusa da Las Vegas, hasumiya 7, kowace ta kai mita 9 ko fiye, ya shafe su da fenti mai kashe ido. Shekara 2 aka yi niyyar barin su, amma tururuwar masu zuwa ɗaukar hoto ta sa aka yi ta ƙara wa'adi. Wannan shi ne wanda na fi tsoron a kwaikwayo mana. Allah ya hore wa ƙasar Faskari da Ƙanƙara duwatsu, kuma wanda ya taɓa ganin su da damina, ciyawa ta tsiro a tsagoginsu, hadari ya haɗo ta bayansu, ya san ba su nemi fentin kowa ba. Wanda 'yan siyasa ke shafa musu lokacin zaɓe ma ya ishe su.

Ba da launin nake faɗa ba. Mu da muke da jan dogarai da koren rigunansu, da kwalliyar dawaki ranar hawan sallah, da zanen da ake yi wa bayan manyan motocin katako, ba za a koya mana son launi ba. Faɗana da abin da ba shi da asali a inda aka dasa shi. Maginin gargajiya a Zariya ko Katsina ko unguwar Birni ta Damagaram, da ƙasar wurin yake yin tubali, da ita yake fitar da zayyana a fuskar zaure, ya ɗora zanko a kusurwa. Makubar da ke kare bango daga ruwa daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuma daga katsin marina. Babban Gwani Muhammadu Durugu bai nemi kayan wata ƙasa ba da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ga Ƙanƙara nan zaune kan farar ƙasa, ana haƙa ana lodawa a mota ana fita da ita, mu kuma muna sayen fentin gwangwani da rana ɗaya ta bazara ke fara kashe wa kaifi. A Zariyar dai, a 1958, ɗaliban fasaha irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya don su ƙi kwaikwayon malamansu Turawa ido rufe, suka ce a haɗa dabarar zamani da abin gida. Sashen zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello har gobe yana yaye ɗalibai, yana da lambun sassaƙa a Samaru. Ban ga dalilin da zai sa shugaban ƙaramar hukuma ya tsallake su ya ba ɗan kwangila ya sayo dabinon roba ba, sai dai dalilin da kowa ya sani.

Akwai maganar addini, kuma ba abin da za a kauce wa ba ne. Mutanenmu ba su yarda da mutum-mutumi a bainar jama'a ba, shi ya sa shataletalenmu suka cika da ƙwarya da kakaki da allo da dagi. Wannan bai rufe ƙofa ba. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Abdullahi ɗan Abbas ya nuna wa mai sana'ar zane cewa in ya zama dole, ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Fili ne mai faɗi. Amma aiki a tsakiyar gari yana bukatar a zauna da mutanen garin tun kafin a sa harsashi. Hasumiyar da aka gina a shataletalen gidan gwamnatin Kano don cikar jihar shekara 50 a 2017, gwamnatin da ta biyo baya ta rushe ta a watan Yuni na 2023, aka yi ta cacar baki kan siffar zanen da ke jikinta. Abin da gwamna ɗaya ya kafa da sa hannunsa kaɗai, wani gwamnan na iya turo masa katafila.

Bishiyar ƙarfe ɗaya ce nake girmamawa, tana cikin hamadar Tenere a Nijar. A da akwai wata ƙaya tilo a wurin, ana cewa babu wata bishiya kusa da ita sai an yi tafiyar kilomita 400, ayarin raƙuman gishiri na yin alama da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Aka kai gawarta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Waccan ba ta yi wa kowa ƙarya ba, alamar kabari ce. Tamu kuwa ana kafa ta a ƙasar da ruwan sama ke isar masara da auduga, inda ko ƙwallon mangwaro ka jefar zai tsiro, alhali buhunan gawayi na jere a bakin titi, kaɗanya da ɗorawa na tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce mutumin da 'yan bindiga suka hana zuwa gonarsa, ina ruwansa da adon shataletale? Tambaya ce mai nauyi. Tun kafin a kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, yaran Sabuwa da Faskari sun riga sun tashi da sanin daji wurin tsoro ne. Yaro ya kai shekara 10 bai taɓa zuwa tsinkar kanya ko ɗinya ba, bai san gawo na zubar da ganye da damina ba. In ba zai iya zuwa wurin itatuwan ba, abin da ya rage shi ne a kawo su cikin gari, kuma wannan aikin mai fasaha ne kamar yadda yake aikin malamin gona: ya zaɓi fili a mararraba ko bakin kasuwa, ya tsara inda tsamiya za ta tsaya da inda kuka za ta tsaya, magini ya kewaye da dakalin ƙasa mai zayyana, a shafe shi da farar ƙasa da jar ƙasa, maƙeri ya ƙera shingen da zai hana awaki, ya yi masa fentin da ransa ke so.

Wahalarsa ita ce shekaru 3 na farko. Dole a sami mai ban ruwa da rani, a riƙa biyansa a kan lokaci, kuma wanda ya dasa ba lalle ne yana kan kujera ba ranar da inuwar za ta isa zama. Manoman Maraɗi sun yi irin wannan haƙuri tun daga shekarun 1980, da sassabin zamani, suna barin tohon kututture a gona suna yi masa aski maimakon su tumɓuke, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Ba a yanke ƙyalle ranar buɗe ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ina zaton abin da ya sa har yanzu ba mu ga irinsa a kasafin kuɗin ƙaramar hukuma ba ke nan.