Ɗan Ƙarfen Da Ya Raba Mu Da Lalube

Duk mai ƙaramin injin sassaƙa na CNC a gida, irin su 3018 ko Shapeoko, in har yanzu da takarda yake nemo sifili, wato saman katako, ina roƙonsa don Allah ya nemi ɗan farantin taɓawa. Abu ne da bai kai tafin hannu ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma wallahi ban ga kayan haɗin da ya faranta mini rai kamarsa ba.

Injin nan duk ƙwarewarsa bai san inda saman katako yake ba, sai ka nuna masa. A da sai mu shimfiɗa takarda, wadda kaurinta bai wuce milimita 0.1 ba, mu riƙa sauko da bakin yanka kaɗan-kaɗan muna jan ta har ta fara cijewa. To, wannan cijewar kowane hannu da yadda yake jin ta, kai ko hannu ɗaya ma na safe daban, na yamma daban. Wanda ke sassaƙa rubutu da baki mai siffar V ya fi kowa sanin zafin abin, domin a wurinsa zurfi shi ne faɗi. Baki ya nutse fiye da kima, haruffa su kumbura su ci juna. Ya gaza, su fito sirara kamar an ja su da allura.

Yanzu dubi yadda farantin yake yi. Guntun alminiyam ne ko tagulla, da wayoyi biyu, ɗaya a jikinsa, ɗaya mai maƙali kamar bakin kada da ake maƙalawa a bakin yanka. Su biyun suna zuwa allon injin ne, kuma a manhajar GRBL mai gudana kan Arduino Uno, ƙafar A5 ce ke sauraro. Ka ɗora farantin a kan katako, ka ba da umarnin G38.2 Z-20 F100, sai ka ja hannu ka zuba ido. Baki ya riƙa saukowa a natse, a natse, kana jin ƙarar mota ƙasa-ƙasa, tazara tana tsukewa har haske ya daina wucewa tsakaninsu. Ƙarfe na taɓa ƙarfe, lantarki ya zagaya, inji ya tsaya cak! Ba ƙwarzane, ba tabo. Sai a gaya masa kaurin farantin da G10 L20, ya lissafa saman katako da kansa. Na ga wannan tsayuwar ba adadi, kuma har gobe tana burge ni. In kana son ƙarin daidaito, ka sa ya ɗaga kaɗan ya sake saukowa da gudun da bai kai na farko ba.

Abin da ke ƙara mini ƙaunarsa shi ne asalinsa. A 1972 David McMurtry, injiniya a Rolls-Royce ta Ingila, ya ƙirƙiro ma'aunin taɓawa don auna siraran bututun injin Olympus na jirgin Concorde, kuma daga nan kamfanin Renishaw ya samo tushe a 1973. Nasa tsinke ne da ke zaune kan sanduna uku da ƙwallaye shida, yana taɓa abu lantarki ya yanke. Namu haɗewa yake yi, kuma ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma dabarar ɗaya ce: a bar taɓawa ta yi magana. Yau ga ta a kan teburin mai sassaƙa allon suna!

Inda ya fi nuna kansa shi ne wurin canjin baki. Ka gama fafe aiki da babban baki, ka sa ƙarami don gyaran fuska, tsayinsu ba ɗaya ba, sifili ya tafi. Da farantin, cikin ƙasa da minti guda ka dawo daidai, ba za ka ga ɗan tudun nan da ke nuna inda baki biyu suka haɗu ba. Masu sassaƙa allon lantarki kuwa ko farantin ba sa buƙata, domin jan ƙarfen allon shi ne farantin. Kaurin jan ƙarfen yawanci milimita 0.035 ne kacal, sai manhajar Candle ta bi allon tana taɓawa wuri-wuri, ta zana taswirar tudu da kwarinsa, baki ya bi ta. Akwai kuma irin BitZero na Carbide 3D da ake ɗorawa a kusurwar katako, ya nemo X da Y da Z gaba ɗaya.

Haƙƙin farantin a kanka kaɗan ne. Ka auna kaurin farantin da kanka, ka share ƙurar katako a ƙarƙashinsa. Kafin ka ba da umarni, ka ɗaga farantin ka taɓa bakin, ka ga manhaja ta nuna ta ji, domin in maƙalin bai kama ba inji zai ci gaba da dannawa har tsinin ya karye. In ya ƙare tafiyar da ka ba shi bai taɓa komai ba, GRBL zai tsaya ya nuna ALARM:5, sai ka matso da baki kusa ka sake. Kuma ka cire maƙalin kafin ka kunna motar yanka.